Yadda Taubashina Ya Sha Kwanar Lungunmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi taubashina, ɗan gwaggona, a tsakiyar daminar bana. Ya girme ni da abin da ya isa ya goya ni, ya kuwa goya ni, ya kuma yar da ni, tabon yana nan a goshina ga mai son shaida.

Na yi zaman makoki a Ƙofar Taramniya har tabarmin unguwa sun san ni, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutum zai zo ya durƙusa gaban 'ya'ya, ya yi gaisuwa yadda aka saba, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, a shafa fatiha. Daga nan sai ya jawo jiki kusa da ni, ya rage murya, ya ce, "To, makara ta sha kwana?" In ce, "Ta sha." Sai ka ga fuska ta saki, ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, kai ka ce albishir aka yi masa matarsa ta sauka lafiya. Wani tsohon maƙwabcinmu da ya tashi daga unguwar tun tuni har tafa hannu ya yi, sannan ya tuna inda yake, ya mayar da tafin ya zama addu'a.

Akwai wani baƙo daga Minanata, abokin aikin babban ɗan marigayi, irin mutanen da mota ke shiga har ƙofar ɗakinsu. Ya yi ta kallonmu, da abin ya ishe shi ya sunkuyo ya ce mini, "Baba, wai mi tsohon ga yay yi muku?" Saboda shi da irinsa na ɗauki biro, duk da karatuna na boko ya tsaya ne daidai inda malam ya fara lissafin rabawa mai dogon wutsiya. Ba na son nan gaba a ce mutanen lungunmu sun yi murna da mutuwar tsohonsu. Mun yi kuka. Sai dai akwai wani dutse da ya daɗe a ƙirjinmu, ranar ya sauka.

Shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, don haka tun ina yaro nake kiransa bawana, shi ma yana kirana bawansa, yana cewa wanda aka goya ba ya zama ubangida. Mun kai shari'ar nan gaban tsofaffi da yawa, duk suka mutu ba su yanke ba.

Hatsi ya sayar a kasuwa duk rayuwarsa, kuma sana'ar ta bar masa kalma ɗaya da ya addabi kowa da ita: "An gwada?" Ka ce masa geron bana ya yi kyau, sai ya jefa ƙwaya a baki ya tauna. Ka kawo masa takalmi tsaraba, ba zai yi godiya ba sai ya je masallaci ya dawo da shi. Ranar da aka ce masa jikansa ya sauke Alƙur'ani, kafin ya sa albarka sai da ya ja masa baƙi daga tsakiya. Sau ɗaya tak na san bai yi tambayar nan ba, kuma wannan sau ɗayan ne ya ci masa sauran rayuwarsa.

Lungunmu dogo ne siriri, yana tasowa daga bakin titi ya miƙe, sannan ya karya kwana dab da ƙofar gidan marigayi, ya ƙare a bayan gidajenmu. Babu wata mafita sai ta nan. Da can in an yi ruwa har cikin zaure yake biyo mu. Sai ƙaramar hukuma ta tuna da mu, ta ba da kwangilar gina lambatu, wato magudanar ruwa ta siminti. Murna wajenmu ba a magana, har ranar da ɗan kwangila ya ja igiyarsa muka ga ta bi ta kan dakalanmu.

Wanda bai tashi a cikin gari ba ba zai gane ba. Dakalin ƙofar gida shi ne ofishin maigida, nan ake gaishe shi, nan yake sasanta faɗa, nan yake ganin wanda ya wuce bai yi sallama ba. Sai kowa ya bi ɗan kwangila da goro da ƙwaryar fura. "Malam, don girman Allah ka kauce ma wanga, ubana yag gina shi." "Malam, wanga nan Liman ka hutawa." Shi kuwa mutum ne mai taushin zuciya, ba ya son bakin tsofaffi, kowa ya roƙe shi sai ya ɗan karkata igiya. Da aka gama, lambatu ya fito kamar sawun maciji a rairayi. A daidai kwana, inda dakalin taubashina yake, wanda ya fi na kowa girma, sai lambatu ya koma tsakiyar hanya ya buɗe baki, ya bar wa mutane ɗan siririn wuri na mutum ɗaya. Ruwa ya daina shiga zaure, dakali ko ɗaya bai faɗi ba, muka yi ta yaba wayonmu. Taubashina yana zaune a kan nasa yana kaɗa ƙafa. Bai ce an gwada ba.

Wadda ta gwada mana ita ce matarsa. Duk unguwa Inna ake ce mata, ni kaɗai ke ce mata amaryata, ta ce in tafi can da furfurata. Mace ce mai kunya, ko muryarta ba a ji daga waje. Da ta rasu aka ɗauko ta a makara, mutum huɗu a kafaɗa, muna biye. Aka zo kwana, makara ta ƙi juyawa. Ta wannan gefe dakali ya tokare, ta wancan gefe masu ɗauka ba su da inda za su sa ƙafa sai cikin lambatu. Aka ja baya, aka sake gwadawa, ƙafar mutum ɗaya ta zurma, makara ta karkata, ba don hannuwa sun yi yawa ba da abin da ba a faɗa ya faru. Ƙarshe sai gidan maƙwabci aka shiga da ita, mata suna gudu ɗaki, aka miƙa ta ta kan katangar baya, mutanen titi suka karɓa. Matar da ba ta taɓa leƙa katanga ba tana da rai, ita aka ƙetarar kamar damin kara.

Da aka yi addu'ar uku mutane suka watse, sai taubashina ya aro diga ya tasam ma dakalinsa. 'Ya'yansa suka zo karɓa, ya daka musu tsawa. Na zo na tsaya, na ce, "Bawa, ashe ka iya aikin ƙarfi, da ka hwaɗa man da na daɗe da kai ka gona." A iya zamanmu ranar ce kaɗai na jefa masa magana ta faɗi ƙasa. Sai da ya share wurin tas ya dube ni ya ce, "Ni ba a hidda ni ta bisa katanga." Daga ranar a tabarma yake zama, a ƙasa, har ya bar duniya.

Fasa dakali ya rage matsala, amma bai kashe ta ba, don bakin lambatu yana nan a buɗe. Maganin kawai a rufe shi da allunan kankare, mutum ya taka ya wuce, wannan kuwa aikin hukuma ne. Mamatan da suka biyo bayan Inna, wasu ta katanga, wasu a tabarma ake ɗauko su a hannu har bakin titi, sannan a sa a makara. Kowa ya ji ciwo a lungunmu, kafin a tambayi me likita ya ce, kwana ake tunawa.

Sai Allah ya kawo abin da muka zaci sauƙi ne: mijin ɗiyar taubashina ta fari ya ci zaɓen kansila. Unguwa ta ce shi ke nan, tuwona maina. Ashe an manta da surukuta. Kansila ba ya iya ɗaga ido ya dubi tsoho, tsoho ba ya iya buɗe baki ya roƙi mijin ɗiyarsa, ko sunansa ba ya kamawa. Sai aka nemo ni, tunda taubashi ba shi da linzami. Mu uku a zaure ɗaya, gwiwa na kusan taɓa gwiwa, amma magana sai ta biyo ta kaina.

"Hwaɗa ma mijin yarinyag ga, damina ta kusa."

In juya in ce, "Ranka ya daɗe, bawana ya ce wai kujerar taka ta zama ce kawai ko tana aiki?"

Kansila yana kallon tabarma ya ce, "Baba ƙarami, a gaya ma Baba maganar tana gaban kwamiti."

In juya in ce, "Ya ce ka yi haƙuri ka daɗe."

"Ba haka yac ce ba, la'ananne, ina ji!"

"To in kana ji, mi nika yi nan?"

Shi kwamitin nan ban taɓa ganinsa ba, amma na fahimci wani babban mutum ne mai yawan zama, wanda ba ya son a tashe shi.

Wata shekara hukuma ta aiko cewa mazaɓarmu aiki ɗaya za ta samu a kasafin bana, mu zaɓa da kanmu. Aka taru a filin makarantar firamare. Samari suka ce fitilun sola. Mata suka aiko da saƙo ta bakin Liman cewa su ruwa suke so, sun gaji da jiran 'yan garuwa, wata rana har azahar ba a ɗora tukunya ba. Dattawan lungunmu kuwa mun zo da shirinmu na a rufe lambatu, mun haɗa baki da na maƙwabta, mun san in tsoho ya tashi ya ambaci Inna ba mai iya musa masa. Ya tashi, ya dogara sandarsa, wuri ya yi tsit. Sai ya ce, "A ba mata ruwa."

Na ja masa riga. Ya fizge.

"Matacce ba shi jin kunya, mu masu rai ka ji mai. Mai rai kau shina jin ƙishirwa. Kuma in babu ruwa, da mi za a yi man wanka?"

Aka yi dariya, aka yi kabbara, aka haƙa burtsatse. A hanyar gida na ce masa, "Bawa, yau ka saida kanka da arha." Ya ce, "Kai dai roƙa man Allah jinkiri. Ko da yake addu'arka ba a gwada ta ba."

Allah ya ba shi jinkirin, don ya san da hukuma yake hulɗa. Ciyaman ya sauka, aka kawo kantoma, kantoma ya tafi, aka sake zaɓe, surukin ya koma kujerarsa da ƙyar. Can dai aka ba da kwangilar rufe lambatu. Sabon ɗan kwangila ya faro daga bakin titi, inda mai wucewa a mota zai gani, ya shimfiɗa allunan kankare santala-santala, ya zo dab da kwana ya tsaya. Ya ce iya nan takardarsa ta ce. Muka ji kuma an sa ranar da ciyaman zai zo ya karɓi aiki, in ya sa hannu an rufe magana.

Da safen ranar taubashina ya tafi wurin Liman aron makarar masallaci. Liman ya ce, "Alhaji, makara ba abin wasa ba ta." Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba wasa nika yi ba, gwaji nika yi." Ya samo majiya ƙarfi huɗu daga cikin masu dako na kasuwa. Sannan ya dube ni, wai in hau in kwanta, ana son nauyin mutum. Na ce ai ba a taɓa yin ubangida ya riga bawansa ba, in yana so ya hau da kansa. Ƙarshe buhun gero aka shimfiɗa, aka lulluɓa tabarma.

Ciyaman ya iso da jama'arsa, babbar riga tana ƙamshi, ga injiniya, ga mai ɗaukar hoto, ga kansilanmu a gefe. Suna tsaye a kan sabon kankare ana nuna musu kyan aiki, sai ga makara ta shigo daga bakin titi, tsoho yana biye da sanda, ni ina bayansa na sunkuyar da kai iyakar iyawata. Kun san Musulmi in ya ga makara. Hira ta mutu, kowa ya kama salati, suka bi baya. Ciyaman, Allah ya saka masa, ɗan mutunci ne, ya naɗe hannun riga ya karɓi gaba ta gefen lambatu don ya samu lada. Wallahi ba mu shirya wannan ba, Allah ne ya shirya.

Aka zo kwana. Kankare ya ƙare. Ciyaman ya ɗaga ƙafa ya rasa inda zai sauke ta, ya laluba, takalminsa ɗaya ya tafi cikin lambatu. Aka ja baya, aka karkata, makara ta ƙi. Gumi ya keto masa, ya waiwayo ya ce, "Subhanallahi! Wai wa ar rasu?"

Tsoho ya ce, "Ni na, ranka ya daɗe. Sai dai ban gama shiri ba."

Aka ɗaga tabarma, ga gero. Na ga ran ciyaman ya ɓaci, 'yan rakiyarsa suka fara hayaniya, wani yana cewa wannan aikin 'yan adawa ne. Na nemi kansila na rasa, ashe ya shige bayan mota ya rufe fuska da hula. Tsoho bai ɗaga murya ba. Ya nuna katangar maƙwabci da sanda ya ce, "Ta can anka hidda uwar ɗiyana. Laihina na, ni nar roƙi a kauce ma dakalina. Na hwashe shi. Saura naku." Ciyaman ya dubi katangar, ya dubi ƙafarsa mai safa. Sannan ya ce wa injiniya ba zai karɓi aikin ba sai an haɗa da kwana.

Abin bai tafi a banza ba. 'Yan jam'iyya suka sa kansila a gaba, wai ya haɗa baki da surukinsa an kunyata ciyaman. Ɗiyar ta yi fushi, ta ɗauke ƙafa daga gidan, tuwon Juma'a da take aikowa ya tsaya. Abin ya dami tsoho ƙwarai, ko da yake bai faɗa ba, sai dai in Juma'a ta yi ka ga yana yawan duban bakin lungu. Ni na je biko. Na ce mata, "Ɗiyata, ki yi haƙuri, bawa ne, ba shi da tarbiyya, laifina ne da ban sayar da shi da wuri ba." Ta yi dariya har da hawaye, tuwo ya dawo.

Amma cewar ciyaman daban, zuwan siminti daban. Maganar ta koma wurin mutumin nan mai yawan zama. Kafin ta fito, ciwo ya kwantar da tsoho, ƙafafu suka kumbura, fita ta gagara. Sai ga motar siminti daga Kalambaina, aka zuba allunan a gefen masallaci aka bar su su bushe, suka bushe, suka ƙara bushewa, awaki suka mayar da su gado. Kullum na shiga gaishe shi, kafin in zauna zai ce, "An aza?" In ce tukuna. Ya juya fuska bango. A lokacin ne na daina yi masa wasan mutuwa, don na ga tsoro a idonsa, ba na mutuwar ba, na katanga.

Dab da faɗuwar ruwan fari aka zo aka aza su. Kansila da kansa ya tsaya a rana har aka gama. Na shiga da gudu irin na tsofaffi na ce, "Bawa, an aza!" Ya buɗe ido ya ce, "An gwada?"

Ba a gwada ba. Wa ke da zuciyar da zai ɗauko makara ya wuce da ita ta ƙofar majinyaci? Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu ya ce, "Bari. Ni ka gwada ta." Mutanen lungu kuwa suka yi masa kara, daga ranar ba wanda ya riga shi.

Ranar da ya cika an kwana ana ruwa, lambatu ya cika yana ruri a ƙarƙashin kankare. Aka yi masa wanka da ruwan burtsatsen mata. Da aka fito da shi, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa, amma na san abin da ke ran kowa: allunan nan za su ɗauki ƙartai da gawa, ko kuwa irin aikin a-gani-a-yaba ne? Faɗin zai isa a juya? Na ga maƙwabci ya riga ya buɗe ƙofar gidansa a asirce, ya kawar da matansa, ko da za a buƙata. Ban ga laifinsa ba, amma na ji kamar in rufe shi da duka.

Kansila ya ture wani ɗan dako, ya karɓi gaba ta gefen lambatu, daidai inda ƙafa ke zurmawa. Mutumin da bai taɓa duban fuskar tsoho ba, yau kan tsoho yana kafaɗarsa. Ya taka allo na fari. Ya taka na biyu, ya ɗan motsa, ya yi ƙara, salati ya tsaya a bakin mutane. Ya gyara tsayuwa, na baya suka buɗa, makara ta juya a hankali, gefenta ya wuce wurin da dakali yake da, bai taɓa komai ba. Sai ga ta ta miƙe, ta fuskanci titi, a kafaɗa, a mutunce, kamar ta kowane Musulmi. Liman ne ya fara cewa alhamdu lillahi. Kansila yana tafe yana kuka kamar yaro, bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta.

Da muka dawo, na tarar da ɗiyarsa tsaye a bayan labulen zaure, mata sun yi cincirindo a bayanta. Ba ta iya tambaya ba, sai ta ce, "Baba ƙarami…" Na ce, "Ɗiyata, an gwada."

To baƙonmu na Minanata, ka ji abin da tsohon ya yi mana. Har yau hukuma ba ta zo ta buɗe aikin ba, kuma ba sai ta wahala ba, an riga an buɗe.

Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Inna, ya yalwata masa makwanci, ya sa siraɗi ya zo masa da sauƙi fiye da lungunmu. Ni ma yanzu ina barci da daɗi, don na san ta inda za a fita da ni. Kuma shari'armu ta ƙare, tunda duniya ta shaida wanda ya yi gaba ya share wa wani hanya, kowa kuwa ya san aikin wane ne wannan. Jiya na tsaya a kwanar, inda tabarmarsa take, na faɗa masa haka da ƙarfi. Na daɗe a tsaye ina jiran amsa.